Ɗigo Bakwai a Ƙarƙashin Sunanta

Saƙon ranar Talata ya shigo ƙarfe takwas da minti huɗu na safe, kamar kullum: "Rigar nan mai ruwan toka ta yi maka hidima iya hidima. Ka sallame ta." Na dubi kaina. Ita ce a jikina. Matar da ta rubuta saƙon kuwa shekararta biyu da wata biyu a ƙasa.

Ni mai duba rubutu ne a wata ƙaramar maɗaba'a. Shekara talatin da ɗaya ina karanta littattafan mutane kafin a buga, ina cire musu abin kunya, su kuma su gode wa iyayensu da matansu a shafin farko. A bayan idona ana ce mini Jan Biro, a gaban idona Malam. Matata ita ce mai kula da kwamfutocin gidan. Ba a rasa ta da wata waya a naɗe a hannu ko a rataye a kafaɗa, shi ya sa ake kiranta Mai Waya, kuma da wannan sunan take shiga saba. Saba ita ce babbar kwamfutar da ke ɗan ɗakin bayan sito, baƙin akwati mai tsawon gwiwa, wanda duk littafin da muke aiki a kansa yana ciki.

A watanni bakwai na ƙarshe, lokacin da likitoci suka koma yi mata magana a hankali, ba ta daina zuwa aiki ba. Ina ganinta tana buga wani abu, in na matso sai ta rufe. Ranar da na koma ofis bayan rasuwarta na tarar da saƙo yana jirana daga sunanta. "Kada ka firgita, ba fatalwa ba ce, saba ce. Kullum ɗaya. Kada ka je neman sauran." Ban je ba. Ko na so ma ban san hanya ba.

Saƙon ba ya zuwa ko'ina sai kwamfutar da ke kan teburina. Saboda haka kullum ina ofis, har ranakun hutu. Manaja ya taɓa tara ma'aikata ya ce su yi koyi da ni.

Manajan ƙanenta ne, autansu, ita ta goya shi. Mako biyu bayan rasuwarta ya ce mini, "Yaya, tunda littafin kalmomin sirrinta yana wajenka, ka sa a rufe sunanta a saba." Na ce an rufe. Ƙarya ɗaya ke nan da na yi masa, kuma na kula da ita fiye da yadda wasu ke kula da gaskiyarsu.

To, saba ta cika. Buɗe shafi ɗaya sai ka haɗa shayi ka dawo. A watan da ya wuce wani babi ya ɓata ɗungurungum, ba kwafi ko'ina, sai da aka sake buga shi daga takardun da na yi wa jan biro. Nan ne Auta ya kira wani kamfani, suka turo mana injiniya.

Ta iso ƙarfe tara. Mace ce da ba za ta wuce arba'in ba, da jaka a baya da takalmin da aka yi don tsayuwa. Ta leƙa ɗan ɗakin, ta shafa saman sabar da yatsa, ta dubi yatsan.

"Wa ke kula da ita?"

"Allah," na ce.

"Da kuma Yaya," in ji Auta. "Shi ke riƙe da kalmar sirri."

"Baba, ka iya aiki da ita?"

"Na iya kunnawa. Na ji an ce ana iya kashewa ma."

Ba ta yi dariya ba, abin da ya ɗan ɗaga darajarta a idona. Ta jawo kujera, ta buɗe laftof ɗinta a kan wani kwalin takarda, ta jona waya. Ta yi mana bayani kamar mai karanta takardar magani. Wata 'yar manhaja za ta dasa a cikin sabar, su suna ce mata wakili. Da zarar an dasa shi ba ya jiran umarnin kowa. Zai riƙa lura da lafiyar sabar, ya riƙa kwafe aiki zuwa ma'ajiyarsu kowace yamma, ya kuma share abin da ba a buƙata.

"Wa ke gaya masa abin da ba a buƙata?" na tambaya.

"Ku. Sau ɗaya. Daga nan ba ya sake tambaya."

"Ashe manaja ne."

"Yaya," in ji Auta.

Ta juyo mini da laftof ɗin. Na buɗe ɗan littafin matata mai bango kore, na kare shafin da hannu, na buga kalmar da yatsa biyu. Injiniya ta kau da kai yayin da nake bugawa. Wannan ma na lura.

Dasawar ba ta ɗauki lokaci ba. Ta sauko da shi, ta liƙa wani dogon mabuɗi na haruffa da lambobi da aka ba ta daga ofishinsu, ta danna. Rubutu ya yi ta gudu fari a kan baƙi. Sai wani layi kore ya fito.

"Ya tashi," ta ce. "Ya gaisa da ofishinmu. Amma ba zai iya komai ba sai ya sami wurin juyawa. Kashi casa'in da takwas a cike take. Shara za a fara yi."

Ta ciro wani ɗan akwatin ajiya kamar tafin hannu, ta kwafe foldar littattafai a ciki, don ko ta kwana. Sannan ta sa wakili ya yi zagayen gwaji, wanda zai duba kawai ba ya taɓa komai. Ya fito da jerin sunayen duk masu shiga saba, ashirin da uku, kowanne da ranar da ya shiga na ƙarshe. Rabinsu sun bar aiki tun tuni. Biyu sun rasu.

"Ku soke waɗanda za a share," ta ce. "Duk wanda aka soke, sunansa da fayilolinsa sun tafi. Ba a kwafar shara."

Auta ya sa aka buga jerin a takarda, domin a gidanmu abin da ba a buga ba bai faru ba. Ya jingina takardar da bango, ya fara soke sunaye da baƙin biro, yana yi yana tarihi. Wannan ya gudu da makullin sito. Wannan ta yi aure ta manta mu. Sai ya tsaya.

Fankar sabar tana ta ƙugi.

"Yaya, ba ka ce an rufe ba?"

"Na ce."

Injiniya ta leƙo. "Wannan akwai wani ɗan aiki da ke gudana da sunansa har yanzu. Kun san shi?"

"Tsohon abu ne," in ji Auta, bai dube ni ba. Ya ja layi a kan maiwaya, a hankali, miƙe sambal, kamar ya sa rula.

A nan ne mai hankali zai buɗe baki. Na sani. Na karanta littattafai da yawa da mutum ke yin shiru a shafi na arba'in ya yi ta kuka har shafi na ɗari uku, kuma na sha rubuta a gefe cewa wannan bai yi kama da gaskiya ba. Amma me zan ce? In ce matata tana yi mini faɗa kan riga kowace safiya, a gaban ƙanenta da wata baƙuwa mai kirana Baba? Na ga irin kallon da ake yi wa mai takaba da wanda matarsa ta rasu, kai a karkace, murya a sanyaye. Shekara biyu na yi ina korar wannan kallon da baƙar magana, ban shirya gayyato shi da kaina ba.

Kuma ina da wata hanya. Dokar gidanmu ce tun zamanin mahaifinsu: ba takardar da za a yi aiki da ita sai ta bi ta hannun mai duba rubutu. Ko sanarwar gyaran banɗaki ce. Auta ya miƙo mini jerin bisa al'ada, ya tafi amsa waya.

Na koma teburina. Duk wanda ya taɓa aiki a gidan buga littafi ya san wannan: in aka soke kalma, sannan aka jera ɗigo a ƙarƙashinta, an fasa sokewar ke nan. A bar ta yadda take. Mai tsara shafi ya sani, mai injin bugu ya sani, mai ɗaure littafi ma ya sani. Na cire murfin jan birona, na ɗiga ɗigo bakwai, ɗaya ƙarƙashin kowane harafi. Na sa hannu a ƙasa. Na kai wa injiniya da kaina, ina jin daɗin kaina sosai.

Ta karɓa, ta duba sama da ƙasa, ta shiga bugawa.

Ƙarfe goma sha biyu saura kwata ta kira mu. Auta ya shigo yana duba agogo, domin ƙarfe biyu mota za ta zo ɗaukar wani littafin lissafi na makaranta zuwa wajen bugu, kuma shafukan ƙarshe suna cikin saba ba a fitar ba.

"Minti ashirin," ta ce. "Zai share, ya sabunta abin da ya tsufa, ya kashe sabar ya sake kunna ta. Shi ke nan."

Ta danna.

Na jingina da ƙofa. Ɗakin ba ya ɗaukar mutum uku, zafi ya fara taruwa. A allon, wakili ya fara kiran sunaye bi da bi, bisa jerin haruffa, kamar malamin aji. Kowane suna layi biyu: an kulle, an share. Wani akawu da ya bar mu shekara shida. Wani direba da ban san me ya kai shi saba ba. Wani suna wai gwaji, da gwaji na biyu.

"Ba ya ko yi musu addu'a," na ce.

"Akwai sigar da ke yi," in ji injiniya. "Ta fi tsada."

Har na buɗe baki zan mayar. Idona, wanda shekara talatin bai iya wuce rubutu bai karanta ba, ya riga ni.

maiwaya: an kulle.

maiwaya: an share.

Tsakanin layin farko da na biyu ko numfashi ban ja ba. Wakili ya wuce zuwa suna na gaba.

"Na sa ɗigo," na ce.

"Na'am, Baba?"

"Na sa ɗigo a ƙarƙashinsa."

"Wane ɗigo?"

Auta ya ɗauki takardar daga kan kwalin. Na ga idonsa ya sauka a wurin, na ga ya gane, domin a cikin ƙamshin tawada ya girma. Ya juya mata takardar.

"Wannan. Ma'anarsa a bar shi."

Ta kalli ɗigon, ta kalle ni. "Ni na ɗauka biro kake gwadawa."

"Da jan biro? Sau bakwai? A jere?"

"Baba, ni a wajenmu layi a kan suna layi ne a kan suna. Na tambaya, an ce tsohon abu ne. Me ke ciki?"

A ƙasan allon wani sabon layi ya fito, da lamba tana raguwa. Za a sake kunna saba nan da minti goma.

"Yaya, me ke ciki?"

Na faɗa. Ban tsara ba, ban gyara ba, jimlolin da ko ɗan koyo ba zan bari ya miƙa su ba. Na ce ta bar mini saƙo, kullum ɗaya, ƙarfe takwas da minti huɗu. Na ce ban san inda sauran suke ba, ban san nawa ne ba. Na ce shi ke kawo ni ranar hutu, ba ƙaunar littafin lissafi ba.

Ba wanda ya karkata kai. Injiniya ta riga ta juya tana bugawa. Auta kuwa fuskarsa ta yi wani iri, ba tausayi ba ne, wani abu ne da ban yi tsammani ba.

"Kullum?" ya ce.

"Kullum."

"Shekara biyu."

"Da wata biyu."

"Ni ko layi ɗaya ba ta bar mini ba."

"Ku ɗan yi shiru," in ji injiniya. Ta matso da fuskarta kusa da allon. Minti takwas da wani abu. "Fayil ɗin ya tafi, sunansa ba ya ko'ina. Amma ɗan aikin nan nata yana nan da rai, kuma ta rubuta shi yadda ba a so a rubuta. Ya buɗe fayil ɗin tun ranar da aka kunna sabar, bai taɓa rufewa ba. Muddin yana riƙe da shi, abin da ke ciki bai goge ba. Kamar an cire ƙofar ɗaki an toshe wurin, amma akwai mutum a ciki riƙe da taga."

"To a fito da shi ta tagar," na ce.

"Da zarar saba ta mutu, ya saki. Shi ke nan kuma. Kuma wakili ya kulle duk abin da ya shafi sunan, ba zai bar ni in taɓa ba yana tsaye. Sai na tsayar da shi."

"Tsayar da shi mana."

Ta juyo, ba ni ta kalla ba, Auta ta kalla. "Ranka ya daɗe, yanzu haka yana tsakiyar sauya manyan fayilolin da sabar ke tashi da su. An cire tsoho, ba a gama sa sabo ba. In na tsayar da shi a nan, yawanci ba abin da ke faruwa. Amma ba zan rantse maka za ta tashi ba. In ta ƙi tashi, aikin kwana biyu ne, kuma littafinka na ƙarfe biyu ba zai fita ba. Kwafin da na ɗauka na safe ne, sai an sami inda za a buɗe shi. Kai ka sa hannu a kan aikin nan. Kai za ka ce."

Minti bakwai.

Auta ya ninke takardar biyu, ya sake ninkewa. Na san littafin nan. Makarantu tara ke jiransa kafin a koma hutu, kuma sau biyu yana ba su haƙuri. Na kuma san yaron nan tun yana zuwa gidanmu cin abinci da littafin makaranta a hamata. In ransa ya ɓaci ba ya faɗa, lissafi yake yi.

"Ka yi mini ƙarya," ya ce.

"Na yi."

"Na tara ma'aikata na ce su yi koyi da kai."

"Ban roƙe ka ba."

"Kullum ina wuce teburinka da safe. Kana zaune kana karanta yayata, ni ina ce maka ina kwana, kana amsa mini da hanci."

Minti shida. Na lura ina riƙe da murfin biro, na matse shi har ya shiga nama. A rayuwata na gyara wasiƙun roƙo sun fi ɗari, na san inda ake sa kowace kalma, amma ban taɓa rubuta tawa ba.

"Auta," na ce. Ban taɓa kiransa haka a ofis ba. Ita kaɗai ke yi. "Ba ni da wani abu bayan wannan. Gidan nan da kake gani ina komawa, ba kowa a ciki sai firji. Don Allah."

Ya dubi baƙin akwatin, ya dubi wayoyin da ke bayansa, waɗanda ta ɗaure da zare kala-kala, kowace da 'yar takarda da rubutun hannunta. Lambar ta sauka ƙasa da minti biyar muna kallo.

"Waɗanda suka riga suka zo," ya ce, "suna nan?"

"Suna kwamfutata."

"Zan karanta su. Duka."

"Akwai waɗanda kai ake zagi a ciki."

"Da su zan fara." Ya juya. "Injiniya, tsayar da shi."

Ta buga gajeren layi. Ba abin da ya canja. Lambar tana ci gaba da raguwa.

"Bai ji ba ne?" na ce.

"Ya ji. Yana gama abin da ke hannunsa. Ba a fizge masa."

Minti huɗu. Uku da rabi. Wani ya ƙwanƙwasa ƙofar sito yana tambayar ko an ga almakashi, Auta ya ce masa ya tafi da wata murya da ban san yana da ita ba. Injiniya ta ɗora hannuwanta biyu a cinya, ba ta taɓa komai ba. Na ga jijiyar wuyanta tana bugawa, sai na gane ita ma ba ta da tabbas.

Minti biyu da daƙiƙa goma, layin koren nan ya koma ja. Wakili ya tsaya.

Lambar ba ta tsaya ba.

"Ya riga ya ba sabar umarnin, shi daban ne," ta ce, yatsunta sun riga bakinta. "Zan soke shi, amma wannan tukuna." Ta nemo lambar ɗan aikin matata. Ta buga, ta yi kuskure, ta goge, ta sake. Karo na farko ke nan da na ga kuskure a rubuce na bar mai shi ya gano da kansa. Ta shiga inda sabar ke ajiye abin da kowane aiki ke riƙe da shi, jerin lambobi ya fito, ɗaya da alamar an share a gefensa. Ta kwafe shi zuwa ɗan akwatinta. Daƙiƙa hamsin. Ta buga wani layin.

Lambar ta ɓace daga ƙasan allon.

Fankar tana ƙugi kamar ba ita aka kusa yankawa ba.

"Ya fito?" in ji Auta.

"Wani abu ya fito. Sai na duba ko shi ne, ko cikakke ne."

"Kada ki buɗe," na ce.

"Ba zan karanta ba, Baba. Layukan kawai zan ƙirga."

Ta danna. Na yi niyyar kau da kai, wallahi na yi niyya. Amma idon da aka horar shekara talatin ba ya karɓar umarni. Lamba ɗaya ce ta fito a allon, ɗari takwas da hamsin da ɗaya.

"Cikakke ne, da alama," ta ce. "Sai dai 'yar takardar da ke nuna wa ɗan aikin inda ya tsaya ta tafi da sauran. Sai ka gaya mini. Nawa suka zo maka?"

"Ɗari bakwai da casa'in da uku."

Ban yi tunani ba kafin in faɗa. Ita ma ba ta yi ba kafin ta tambaya. Sai da lambobin biyu suka tsaya kusa da juna a ɗakin, sannan kowa ya yi abin da yaron aji uku zai yi. Auta ya sunkuyar da kai. Injiniya ta ce, "Yi haƙuri, Baba," wannan karon a hankali, kai a ɗan karkace. Na bar mata. Ta ci wannan.

Shekara biyu ina zaune da abin da ba shi da ƙarshe, saboda ban san ƙarshensa ba. Saura hamsin da takwas.

Sauran aikin nasu ne. Ta gyara jerin, ta sake tayar da wakili, ya ɗora daga inda ya tsaya ba tare da ya nuna ya san an yi wani abu ba. Da ya gama, ya kashe sabar. Ban taɓa jin ɗakin nan shiru ba. Muka tsaya mu uku muna kallon wata 'yar fitila da ba ta kama ba. Auta yana motsa leɓe. Minti ɗaya, biyu. Injiniya ta durƙusa ta kara kunne a jikin akwatin. A minti na huɗu fankar ta yi tari, ta kama.

Littafin lissafi ya fita ƙarfe uku saura minti ashirin. Direban ya yi ta mita, Auta ya saya masa lemo.

Kafin ta tafi, injiniya ta mayar da fayil ɗin ta sa shi cikin ayyukan wakili. Ta ce yanzu shi zai riƙa turo saƙon, kuma kowace yamma zai kwafe shi tare da littattafai. Ta tambaya wane suna za ta sa a matsayin mai aikowa. Na ɗauki takardar nan da aka ninke huɗu, na buɗe, na nuna mata ɗigon.

"Na gane," ta ce. "A bar shi yadda yake."

"Kin fi wasu marubutan saurin koyo."

"Kai ma, Baba, gaba in kana son abu, ka gwada faɗa. Yana aiki a kan mutane da injuna."

Ranar Laraba na iso takwas saura minti biyu, da wata riga shuɗiya da ta ɗan matse ni a wuya. Auta na tarar a bakin teburina, da kujerarsa da ya jawo daga ofis, da kofi biyu na shayi. Ban ce ya zauna ba, ban ce ya tashi ba. Na kunna kwamfutar, na juya zan rataye hulata.

Sai na ji ƙarar shigowar saƙo.

Takwas daidai. Ashe agogon sabar ne ke latti da minti huɗu duk shekarun nan, wakili kuwa ya gyara shi, domin ba wanda ya sa masa ɗigo. A cikin minti huɗun nan nake rataye hula, in goge gilashi, in jera birona, in nuna wa kaina ba jira nake ba. Yanzu ga ni tsaye da hula a hannu, kamar wanda aka kama.

"Buɗe mana, Yaya."

Na buɗe.

"Furen bakin taga ba ya shan ragowar shayi. Ruwa ake ba shi."

Muka juya tare. Tukunyar tana nan a bakin taga, da busasshen kara guda a tsakiya, ƙasar ta yi baƙi ta daskare. Ya fi shekara da mutuwa.

Auta ya fara dariya, ya toshe baki, dariyar ta koma wani abu daban, ya tashi ya tsaya yana kallon waje. Na ba shi lokaci. Sannan na matsar da kujerata gefe, na koma can saman jerin, kan saƙon farko, na juyo masa da allon.

"Zauna," na ce. "Kada ka taɓa mini komai. Na farkon da aka zage ka a ciki yana wajen na goma sha ɗaya, a kan gashin bakin nan naka."